Yadda Ake Kafa Lambar Yabo Ta Gini Mai Kyau Da Gyaran Tsofaffin Gine-gine A Gari

Doka tana iya hana mutum rushe tsohon gini, tana iya hana shi cin hanya, amma babu dokar da za ta sa shi ya yi aiki mai kyau. Wannan sai da son rai, shi kuwa son rai yabo ne ke motsa shi. A garuruwa da yawa, wanda ya zuba kuɗinsa da lokacinsa ya ceto gidan da ya kusa faɗuwa ba ya jin ko "sannu da aiki" daga bakin kowa, alhali maƙwabcinsa da ya sa katafila ta share nasa, ya kafa dogon bene mai gilashi, shi ake nunawa ana cewa ya ci gaba. Magina suna gani, yara suna gani, wanda zai yi gini baɗi ma yana gani. Lambar yabo ta gari hanya ce ta juya wannan kallon. A Birtaniya ƙungiyar Civic Trust ta fara ba da irin wannan lambar tun 1959, ga gine-ginen da suka amfani jama'ar da ke zaune da su, kuma ƙananan ƙungiyoyin garuruwa da dama a can suna da tasu ta cikin gida.

Abu ɗaya za ku riƙe tun daga farko. Lambar ba ta da wani jari sai amincewar mutane. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa an ba wane ne don shi wane ne, allon da kuka maƙala a bango ya koma ƙarfe kawai. Duk matakan da ke biye, kare wannan amincewar ne tushensu.

Mataki na farko: wa ke riƙe da lambar

Ku fara da mutum biyar zuwa bakwai waɗanda ake ganin girmansu, kuma ba a san su da neman kwangila ba. Idan garin yana da ƙungiyar ci gaba ko ta masu kishin tarihi, lambar ta zauna a ƙarƙashinta. Idan babu, ku kafa ƙaramin kwamiti da rubutacciyar ƙa'ida mai shafi ɗaya ko biyu.

Tambayar da za ta taso a zaman farko ita ce matsayin hukumar gari. Shawarata ku jawo ta a jiki, amma kada ku miƙa mata ragama. Kuna buƙatarta, domin a ofishinta ake ajiye takardun izinin gini, ita ke da ɗakin taro, kuma zuwan shugabanta ranar biki yana ƙara wa abin kwarjini. Sai dai ita ma tana gina makarantu da kasuwanni da asibitoci, wato ita ma 'yar takara ce, kuma shugabanninta suna sauyawa. Lambar da ta zama ta shugaba ɗaya takan tafi tare da shi. Saboda haka hukuma ta ba da wuri da bayanai, ta aiko da jami'i ɗaya ya zauna yana ba da shawara, amma ba ya jefa ƙuri'a.

Kuɗin da ake buƙata ba shi da yawa: buga fom, zirga-zirgar alƙalai, ɗaukar hoto, yin alluna, da ɗan taro. Kuna iya karɓar tallafin 'yan kasuwa, har da masu sayar da kayan gini, bisa sharaɗi biyu a rubuce: mai tallafi ba ya zama alƙali, kuma aikin da yake da hannu a ciki ba ya shiga takara a wannan zagayen. Gara ƙananan gudummawa daga mutum goma da babbar kyauta daga mutum ɗaya wanda gobe zai kira waya ya ce a duba masa ginin ƙaninsa.

Mataki na biyu: ku zaga garin a ƙafa

Kafin ku buga sanarwa, ku raba unguwanni, kowa ya bi tasa yana rubuta abin da aka gina ko aka gyara a 'yan shekarun nan. Wannan zagayen ne zai gaya muku sau nawa ya dace a ba da lambar. Ƙaramin gari ba ya samar da nagartaccen aiki duk shekara, kuma in kun ɗaure kanku da shekara-shekara, kafin a je ko'ina za ku fara yabon abin da bai kai ba don kawai a cike gurbi. Bayan shekara biyu ko uku ya fi. Lambar Aga Khan ta zanen gine-gine, wadda aka kafa a 1977 kuma take duba ayyuka a ƙasashe da yawa, ita ma sai bayan shekara uku ake ba da ita.

Mataki na uku: rukunai, kuma kada su yi yawa

Huɗu sun wadatar. Akwai sabon gini. Akwai gyaran tsohon gini, har da wanda aka sauya wa aiki, kamar tsohon sito da ya zama ɗakin karatu. Akwai ƙaramin aiki: fuskar kanti ɗaya, ƙofar gida, katangar makaranta, inuwar jiran mota, rijiyar da aka gyara wa baki. Sai na huɗu, na mai sana'a, wanda ake ba magini ko kafinta ko maƙeri da sunansa saboda ƙwarewar hannunsa.

Rukunin ƙaramin aiki ne nake so ku fi kula da shi, domin shi ne ke buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofa. In babu shi, takarar za ta zama ta bankuna da manyan attajirai, sauran mutane su ɗauka abin ba nasu ba ne. Ga shi kuwa kamannin titi ba manyan gine-gine biyu ko uku ke yin sa ba, ɗaruruwan ƙananan shawarwari ne: wannan ya bar tsohuwar tagarsa, wancan ya rage girman allon tallansa, wata ta dasa bishiya a ƙofar gida.

In kuna da ƙarfin ƙara na biyar, ku sa na kulawa: ginin da ba a yi masa wani babban gyara ba saboda masu shi ba su taɓa bari ya lalace ba. Wannan ne yabon da aka fi mantawa da shi, domin aikinsa ba ya ɗaukar ido. Amma tun 1877, lokacin da William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila, babban kiransu ke nan, cewa a tare lalacewa da kulawar yau da kullum kafin ta kai ga babban aiki. Mai share indararo kafin saukar ruwa ya fi mai sake rufi bayan ya rufta hidima ga ginin.

Ku rubuta a cikin ƙa'ida, ɓaro-ɓaro, cewa alƙalai suna da ikon ƙin ba da lamba a rukunin da babu wanda ya cancanta. Za ku buƙaci wannan layin wata rana.

Mataki na huɗu: sharuɗɗan shiga

Aikin ya kasance cikin iyakar garin, an kammala shi cikin shekara uku zuwa biyar da suka wuce, kuma an yi aƙalla shekara guda ana amfani da shi. Wannan sharaɗin na shekara guda, wanda lambar Aga Khan ma take bi, kada ku sassauta shi ko wa ya roƙa. Ranar buɗewa kowane gini kyakkyawa ne. Sai ya ga ruwan sama da zafin rana, sai mutane sun shiga sun fita, kafin a san ko rufin yana yoyo, ko ɗakunan suna zaunuwa da tsakar rana, ko fentin ya fara ɓarewa.

Kowa yana iya kawo sunan gini, ba sai mai shi ba: maƙwabci, ɗalibi, mai wucewa. Amma kafin a sa shi a takara a nemi yardar mai shi a rubuce, musamman gidan zama, domin za a shiga ciki a duba, kuma hotonsa zai fita. Kada a karɓi kuɗin shiga. Ginin da aka yi ba da izinin hukuma ba, ko wanda ke gaban kotu kan rikicin fili, a ajiye shi gefe har sai an warware.

Fom ɗin ya zama gajere, wanda mutum zai cike a zama ɗaya. A tambayi inda ginin yake, shekarar da aka fara da wadda aka gama, abin da aka tarar, abin da aka yi, da kayan da aka yi amfani da su. Sannan a bar fili mai faɗi na sunayen waɗanda suka yi aikin, daga mai zanen gini da injiniya da ɗan kwangila har zuwa birkila da kafinta da mai fenti. Ga masu gyara, a nemi hotuna kashi uku: kafin a fara, ana cikin aiki, da bayan an gama. Na tsakiyar sun fi muhimmanci, domin su kaɗai ke nuna abin da filasta ta rufe. Wanda bai iya rubutu ba ko ba shi da hoto mai kyau, ɗan kwamiti ya je ya taimaka masa. Gini ake aunawa, ba iya cike takarda ba.

Mataki na biyar: da me za a auna

Nan ne aikin yake, kuma dole ku rubuta ma'aunin ku buga shi kafin a fara karɓar sunaye, don kowa ya san da me za a gwada shi.

A sabon gini, tambaya ta farko ita ce yadda ya zauna da maƙwabtansa. Ya girmama layin titi, ko ya turo ƙirji ya ci hanyar masu tafiya a ƙafa? Ya tare wa na kusa da shi iska da haske? Ruwan rufinsa ina yake zuba? Ta biyu, ko yana yi wa masu amfani da shi aikin da aka gina shi dominsa, har da tsoho da mai keken guragu da makaho. Gangaren shiga da aka fi amincewa da shi shi ne wanda a kowace mita 12 ta tsawo yake hawa mita 1. Wanda ya fi haka tsayuwa, mai keke ba zai hau shi kaɗai ba. Ta uku, ko ya dace da yanayin wurin. Makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya zana kuma ta samu lambar Aga Khan a 2004, da tubalin ƙasa aka gina ta, aka ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Babu tsada a cikinta, tunani ne. Irin wannan ne ya kamata alƙalanku su iya ganewa idan suka ci karo da shi a ƙaramin gida. Kada tsada ko girma su shiga ma'auni ko kaɗan.

Gyaran tsohon gini ya fi wuyar aunawa, domin a nan ido yakan yaudari mutum. Gyaran da ya fi ƙyalli sau da yawa shi ne ya fi ɓarna. Masana sun daɗe da yin matsaya a kan wannan. Yarjejeniyar da aka cimma a birnin Venis na Italiya a 1964 ta ce gyara ya tsaya daidai inda zato ya fara, wato in ba ka da hujjar yadda ɓangaren da ya ɓace yake a da, kada ka ƙirƙiro shi ka ce na asali ne. Ta kuma ce abin da aka ƙara ya saje da ginin, amma mai lura ya iya bambance shi da na asali, kuma a rubuta duk abin da aka yi, a ɗauki hotonsa, a ajiye. Yarjejeniyar Burra, wadda masanan Ostareliya suka fitar a 1979, ta taƙaita zancen da cewa a sauya iya abin da ya zama dole, a kuma bar sauyin ya zama mafi ƙaranci.

In an sauko da wannan ƙasa, ga abin da alƙali zai tambaya. Nawa ne daga cikin ainihin ginin ya tsira? Ƙyauren da ƙasansa ya ruɓe, an yanke ruɓaɓɓen wurin an yi masa ƙari da irin katakonsa, ko an jefar da shi gaba ɗaya an sa na ƙarfe? An gano abin da ya kawo lalacewar an magance shi, ko alamar kawai aka rufe? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsaga tana da dalili: ko tushe ya motsa, ko ruwa yana kwanciya a gindin bango, ko saiwar bishiya ta shiga. Wanda ya cike tsagar ya shafe ta da fenti bai yi gyara ba tukuna.

Sai maganar siminti, wadda nake roƙon ku tsaya a kanta har kowane alƙali ya fahimta. Tsohon bango, na ƙasa ne ko na dutse ko jan bulo da aka ɗora da kwaɓin farar ƙasa, yana shan danshi yana kuma fitar da shi ta fuskarsa idan iska ta kaɗa. Haka aka gina shi ya rayu. Idan aka yaɓe shi da siminti, an sa masa ɓawo mai tauri wanda ba ya barin danshin ya fita da sauƙi, kuma ba ya motsi tare da bangon. Ba a daɗewa ɓawon ya yi ƙananan tsaga, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bangon ta ciki. Daga waje komai lafiya, har ranar da filastar za ta ɓallo faifai guda ta taho da naman bangon. A bangon jan bulo kuwa, in an cike tsakanin bulo da siminti mai ƙarfi, danshi da gishiri sai su koma fita ta jikin bulon, fuskarsa ta riƙa marmashewa, simintin yana nan tsaye. Fentin mai yana yin irin wannan ɓarnar. Ƙa'idar ita ce a gyara da irin abin da aka yi ginin da shi, ko da abin da bai fi shi tauri ba. In kwamitinku ya ba gidan da aka lulluɓe da siminti lambar gyara, ya koya wa gari guda yadda ake kashe tsofaffin gine-gine, kuma da hatiminsa.

Kada kuma ku wuce gona da iri ku ƙi duk wani sabon abu. Ginin da ba a amfani da shi mutuwa yake yi, don haka sa wutar lantarki da famfo da banɗaki na zamani ba laifi ba ne, in an yi su da natsuwa ba a farfasa ado ba. Kuma "tsoho" ba sai mai shekara ɗari ba. A Bordeaux ta Faransa, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal tare da abokan aikinsu sun ɗauki dogayen benaye uku na shekarun 1960 masu gidaje 530, irin waɗanda a wurare da yawa rushe su ake yi, suka ƙara wa gidajen faɗi da baranda mai haske, mazauna suna ciki ba a tashe su ba. Aikin ya ci babbar lambar Tarayyar Turai ta zanen gini a 2019. Wanda ya ceci makarantar bulo mai shekara hamsin daga rushewa ya cancanci a duba aikinsa kamar wanda ya gyara fada.

Mataki na shida: alƙalai

Biyar ya fi, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A samu mai zanen gini ko injiniya, a samu gogaggen magini wanda hannunsa ya san aiki, a samu wanda ya san tarihin garin, a samu mutum ɗaya ko biyu daga sauran jama'a, kuma a tabbata akwai mace, akwai matashi. Mai buƙata ta musamman a cikin tawaga zai ga abin da sauran za su taka su wuce. Shugaban alƙalai, in da hali, a ɗauko shi daga wani gari, wanda ba shi da suruki ko abokin ciniki a cikin masu takara. Baƙo yana iya faɗin abin da ɗan gari zai ji nauyin faɗa.

Kowane alƙali ya sa hannu a takardar da ya bayyana alaƙarsa da kowane aiki. Wanda ke da alaƙa ya fita daga ɗakin idan aka zo kan wannan aikin, a kuma rubuta cewa ya fita. Kada wanda ya yi zagaye biyu ya zarce na uku a jere. 'Yan kwamitin shirya taro ba sa shiga zaman alƙalai, ba sa kuma sauya hukuncinsu.

Mataki na bakwai: ziyara

Gani ya kori ji. Da hotuna za a tace sunaye a rage su, amma ba a yanke hukunci da hoto, domin mai ɗaukar hoto ya san kusurwar da zai tsaya. Duk aikin da ya tsallake tacewa, alƙalai su je tare, su ba shi lokaci daidai da na sauran. In zai yiwu a sa ziyarar a lokacin ruwa ko jim kaɗan bayansa.

Ku fara daga tsallaken titi, ku kalli ginin tare da na hagu da na damansa. Sannan ku zaga bayansa, domin gaba na baƙi ne, baya ne ke faɗin gaskiyar aikin. Ku duƙa ku dubi gindin bango: farin layi kamar an barbaɗa gishiri, ko fenti da ya kumbura ya yi ƙuraje, alamar danshi ne ke hawowa daga ƙasa. Ku duba ko an ɗaga daɓen waje ya fi na ciki tudu, wanda ke tura ruwa cikin bango. Ku ɗaga kai ku bi indararo da bututun ruwa har inda suke zubarwa. Ku ƙwanƙwasa filasta da bayan yatsa: inda ta kama bango sautin a toshe yake, inda ta rabu da shi za ku ji yana amsawa kamar akwai rami. A ciki, ku tsaya shiru ku shaƙi iskar ɗakin kafin kowa ya fara bayani, domin warin danshi ba ya ɓoyuwa. Ku buɗe taga ku rufe, ku dubi silin ko akwai tabon ruwa, ku bi katako ko akwai hanyar gara.

Mai gini zai yi bayani, mai zane zai yi bayani, ku saurare su. Amma ku nemi mai shara da mai gadi da malamar da ke koyarwa a ajin, ku tambaye su a gefe: ina ne ke yoyo, wane ɗaki ne ba a son zama a cikinsa, wace ƙofa ce ta daina rufuwa. Ku tambayi magini me ya fi ba shi wahala a aikin. Daga amsarsa za ku gane ko ya fahimci ginin. Kada a karɓi kyauta ko liyafa a wurin ziyara, kuma kada alƙali ya nuna wa mai gida ra'ayinsa, ko da fuska.

Mataki na takwas: hukunci da rubuta dalili

Kowane alƙali ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a zauna, don kada mai babbar murya ya ja sauran. Makin na buɗe tattaunawa ne, ba shi ne hukunci ba. Inda aka samu saɓani mai yawa, a nan za a daɗe. Matakin yabo biyu sun isa: lambar kanta, da takardar yabawa ga aikin da ya yi kyau amma bai kai can ba.

Ga kowane aikin da ya ci, a rubuta dalili cikin layi biyar zuwa goma, da harshen da kowa zai gane. Kada a ce "gini ne mai ƙayatarwa", wannan ba ya koya wa kowa komai. A ce an ceci tagogi bakwai na asali, an sauke filastar siminti an mayar da ta farar ƙasa, an karkatar da ruwan rufi daga gindin bango. Wannan rubutun ne ainihin amfanin lambar, domin shi mai gyara na gaba zai karanta ya kwaikwaya.

Waɗanda ba su ci ba, a aika wa kowannensu wasiƙar godiya ta sirri, da abu ɗaya da aka yaba da abu ɗaya da za a iya gyarawa. Wani zai kawo shawarar a riƙa bayyana gini mafi muni a gari. An yi haka a Birtaniya, inda wata mujallar masu gini ta fara irin wannan zaɓen a 2006, amma abin da mujalla za ta yi wa manyan kamfanoni daban ne da abin da maƙwabta za su yi wa juna. A gari, tozarta mutum ɗaya zai sa goma su rufe muku ƙofa.

Mataki na tara: allo da biki

Kofi yana ƙarewa a cikin kabad. Allon da aka kafa a bangon ginin, inda mai wucewa zai gani, shi ne ke aiki shekara da shekaru. Allunan tunawa da ake kafawa a gidajen da fitattun mutane suka zauna a birnin Landan, waɗanda tsarinsu ya faro a 1866, har yau mutane suna tsayawa su karanta su. Ku yi naku da abin da ke jure rana da ruwa, kamar tagulla ko dutse ko gasasshen yumɓu, da siffa ɗaya wadda ba ta sauyawa daga zagaye zuwa zagaye, don a riƙa gane shi daga nesa. A tsohon bango, a huda tsakanin bulo ko duwatsu, kada a huda jikinsu.

A kan allon da kuma a wurin biki, a kira sunan wanda ya yi aikin da hannunsa. Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanin sau da yawa shi ne ke tsaye a bayan taro ba a ba shi kujera ba. Lambar Aga Khan ta nuna hanya a nan: a 1983 ta karrama magini Lassina Minta saboda babban masallacin Niono a Mali, a 1986 kuma magini Falke Barmu saboda masallacin Yama a Nijar. Ku buga takardar shaida ga kowane mai sana'a da ke cikin fom. A wurinsa wannan takardar hujja ce da zai nuna wa mai aiki na gaba, kuma ita ce za ta sa yaron da ke koyo a hannunsa ya ga sana'ar tana da daraja.

Bikin ya zama gajere, a buɗe ga kowa, kuma in da hali a yi shi a cikin ɗaya daga gine-ginen da aka gyara. A nuna hoton kafin da na bayan, a karanta dalilin alƙalai da babbar murya. Jawabai biyu sun isa.

Mataki na goma: bayan an watse

Ku roƙi waɗanda suka ci su buɗe ƙofarsu na yini ɗaya jama'a su shiga su gani, maginin yana wurin yana amsa tambaya. Faransa ta fara irin wannan ranar buɗe gine-ginen tarihi a 1984, ƙasashe da yawa suka ɗauka. Ku gayyaci makarantu, musamman masu koyar da sana'a.

Duk fom da hoto da rahoton ziyara, na wanda ya ci da wanda bai ci ba, a ajiye kwafi biyu, ɗaya a ɗakin karatu na gari ɗaya a kwamfuta, a hannun mutum fiye da ɗaya. Nan da shekara ashirin, wannan tarin ne zai gaya wa mai gyara abin da ke ƙarƙashin filasta. Bayan shekara biyar ku koma ku dubi gine-ginen da kuka yaba. Wanda ya riƙe kyaunsa ku faɗa a fili. Wanda ya lalace, ku binciki dalili, ku gyara ma'auninku da abin da kuka gano. Ku kuma sa a ƙa'ida tun farko cewa allon mallakar kwamiti ne, ana iya cire shi idan aka rushe ginin ko aka sauya abin da ya sa aka yabe shi.

Kafin mutane su tashi daga wurin biki, ku sanar da ranar da za a buɗe karɓar sunaye na zagaye na gaba, ku raba ma'aunin a takarda, domin wanda ke shirin taɓa tsohon gidansa ya san da me za a auna shi, ya kuma ɗauki hotunan farko tun kafin lebura ya sa diga a bango.